Gilashin da ba shi da tudu: nazarin aikin Harvard daga gwajin 2011 zuwa kasuwa

Duk wanda ya kwantar da wayar hannu ta zamani a kan tebur ya lura ba ta kwanciya daidai, domin tudun kamarar da ke bayanta yana ɗaga gefe guda. A cikin wannan tudu akwai ƙananan gilasan tattara haske guda shida ko bakwai, galibinsu na roba, an jera su ɗaya bisa ɗaya, kowanne yana gyara kuskuren da na gabansa ya bari. Kusan komai na cikin waya ya ƙanƙance a shekaru ashirin da suka wuce, amma wannan jeri ya ƙi, saboda gilashi mai lanƙwasa yana buƙatar kauri da tazara kafin ya yi aikinsa. Lamarin da za a duba a nan shi ne yunƙurin wani rukunin masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Federico Capasso, na maye gurbin lanƙwasar da shimfiɗar da kaurinta bai kai maikuromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, tun daga gwajinsu na 2011 har zuwa shigar abin kasuwa a 2022. Ya shiga kasuwar kuwa, sai dai ta wata ƙofa dabam da wadda aka yi ta hasashe, kuma dalilin haka yana cikin lissafin gilashin da kansa.

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tudu na bin kwari, kuma tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ita ce tsawon zango. Mai sauraron rediyo ya daɗe da sanin wannan ma'auni, domin idan mai gabatarwa ya ce ana kama tasharsu a mita 25 a gajeren zango, tsawon igiyar rediyon yake faɗa. Zangon koren haske nanomita 532 ne ko kewayen haka, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Inda igiyar take a cikin hawanta da saukarta a wani lokaci shi za mu kira takunta. Idan igiyoyi suka iso wuri guda da taku ɗaya, tudu a kan tudu, sai su ƙarfafa juna wurin ya haskaka. Idan tudun wata ya faɗa kwarin wata, sai su kashe juna.

A cikin gilashi haske yana rage gudu zuwa kusan kashi biyu cikin uku na gudunsa a sarari. Wanda ya taɓa kallon gayya ya ga abin da hakan ke haifarwa: manoma sun jeru sahu ɗaya suna huɗa, na gefen dama suka fara shiga ƙasa mai tauri suka rage sauri, na hagu suna ci gaba, kafin a ankara sahun gaba ɗaya ya karkata. Gilashin tattara haske yana da kauri a tsakiya da siranta a baki, don haka yana jinkirta hasken tsakiya, wanda hanyarsa zuwa matattara gajera ce, har hasken baki mai doguwar hanya ya cim masa, su isa tare da taku ɗaya. Ƙa'idar wannan karkacewa tsohuwa ce. Ibn Sahl ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekarar 984, a risalarsa kan madubai da gilasai masu ƙonawa, kafin Willebrord Snell na Holan ya sake gano ta a 1621. A duk tsawon wannan tarihi, jinkirin yana taruwa ne sannu a hankali cikin jikin gilashi, kuma shi ya sa kauri ya zama dole.

Tambayar da rukunin Capasso ya yi ita ce ko za a iya sauya takun haske farat ɗaya a kan fuskar abu, ba tare da an jira ya ratsa kauri ba. Capasso ɗan Italiya ne, ya yi shekaru da dama a ɗakunan binciken Bell na Amurka, inda shi da abokan aikinsa suka ƙera wata irin leza, wato na'ura mai harba haske mai zango ɗaya, ta hasken infirared da ido ba ya gani, a 1994, kafin ya koma Harvard a 2003. Da irin wannan leza, mai zangon maikuromita 8, aka yi gwajin da ya fito a mujallar Science a 2011, Nanfang Yu ne kan gaba a jerin marubutan. Sun shimfiɗa ƙananan eriyoyi na zinariya masu siffar harafin V a kan faifan silikon, kaurin kowace nanomita 50 kacal. Eriyar tana karɓar haske, tana girgiza da shi, sannan ta sake shi da takun da ya dogara ga tsawon hannuwanta da faɗin kusurwarta. Eriyoyi takwas mabambanta, kowace ta zarce ta gabanta da kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, sun isa su cika zagaye guda na taku. Da aka jera su ana maimaitawa, hasken da ya faɗo a miƙe ya fita a karkace, zuwa kusurwar da masu zanen suka zaɓa tun farko. Suka faɗaɗa ƙa'idar Snell da ƙarin sashe guda, wanda yake lissafa yadda taku ke sauyawa daga wuri zuwa wuri a kan fuskar.

A shekarar da ta biyo baya suka tsara irin waɗannan eriyoyi cikin da'irori suka sami gilashin tattara haske na farko, a zangon maikuromita 1.55 da ake amfani da shi a wayoyin sadarwa na zaren gilashi. Ya tattara haske, amma kusan kashi ɗaya cikin 100 ne kawai ya isa matattara. Ƙarfe yana shanye haske ya mayar da shi zafi, kuma ko da babu wannan asarar, lissafi ya nuna shimfiɗa guda mai irin wannan sirantar ba za ta wuce kashi 25 cikin 100 ba. Zinariya ta tabbatar da tunanin, amma ba da ita za a yi kamara ba.

Adalci ya wajabta a ce tunanin bai faro a Harvard ba. A ƙarshen shekarun 1990 Philippe Lalanne da abokan aikinsa a Faransa sun ƙera ƙananan ginshiƙai na wani sinadari mai suna taitaniyom dayoksaid da ke karkatar da jan haske da inganci, wato rabon hasken da ya isa inda ake so, sama da kashi 80 cikin 100, kuma a farkon shekarun 2000 rukunin Erez Hasman a cibiyar Technion ta Isra'ila ya nuna yadda juya ƙananan layuka ke sauya takun haske. Abin da Harvard ta ƙara shi ne bayani mai sauƙin kamawa da ya jawo ɗaruruwan ɗakunan bincike cikin fagen, sai kuma naci wajen kai abin ga masana'anta. A ganina wannan ba ƙaramar gudummawa ba ce, amma bai kamata ta shafe sunayen waɗanda suka riga su ba.

Gilashin da ya sa duniya ta waiwayo shi ne na watan Yunin 2016, wanda Mohammadreza Khorasaninejad ya jagoranci rubuta rahotonsa a mujallar Science, kuma ya cancanci a dube shi da kyau. Idan aka sa wanda aka yi domin koren haske a ƙarƙashin madubin ilektoron, na'urar da ke girmama abubuwan da suka fi ƙarfin madubin likita, abin da za a gani shi ne fili shimfiɗaɗɗe cike da ƙananan katangu masu kama da bulo da aka tsayar da tsawonsa. Kowace katanga tsayinta nanomita 600 ne, tsawonta 250, faɗinta 95, kuma daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar maƙwabciyarta nanomita 325. Dukkansu girmansu ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne inda kowace ta fuskanta. A tsakiyar gilashin kusan duk suna kallon gefe guda, suna juyawa kaɗan-kaɗan yayin da ake matsawa waje, a baki kuwa juyin yana da sauri har maƙwabta biyu su saɓa sosai. Faɗin gilashin gaba ɗaya maikuromita 240 ne, wato kamar kaurin gashin kai uku, kuma da waccan tazara yana ɗauke da katangu sama da dubu 400.

Dalilin juyin yana komawa ga wani matashin masanin Indiya, Shivaramakrishnan Pancharatnam, wanda ya bayyana shi a 1956, sai Michael Berry na Ingila ya kawo cikakken tsarinsa a 1984. Haske ba tafiya gaba kawai yake yi ba, yana kaɗawa ta gefe, kuma ana iya sa kaɗawar ta riƙa murɗawa kamar igiyar da aka tufka. Idan haske mai murɗawa dama ya ratsa katangar da aka auna da kyau, yana fitowa yana murɗawa hagu, kuma takunsa yana sauyawa da ninki biyu na kusurwar da aka juya katangar. A juya ta digiri 45, taku ya matsa digiri 90. A juya ta digiri 180, an cika zagaye. Ke nan mai zane yana da maɓallin da zai murɗa a kowane ɗigo na fili, ya ba hasken wurin daidai takun da yake so, ba tare da ya ƙara kaurin komai ba.

An zaɓi taitaniyom dayoksaid, farar hodar da ke cikin fenti da man kare fata daga rana, domin ba ta shan hasken da ido ke gani kuma tana rage masa gudu ƙwarai, fiye da ninki biyu. Wahalar ita ce sassaƙa ta, domin idan aka zaizaye ta daga sama katangun suna fitowa da kaushi da karkace, kaushi kuwa yana watsa haske. Robert Devlin, ɗalibin digirin digirgir a rukunin a lokacin, shi ne ya fi tsayawa kan hanyar da ta warware wannan, kuma ta yi kama da aikin mai buga bulo. Ana shafa wata roba mai laushi a kan faifan gilashi, a rubuta ramuka a cikinta da zaren ilektoron, sannan a riƙa cika ramukan da taitaniyom dayoksaid ɗin, shimfiɗar ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya, a zafi mara yawa, har su cika su tumbatsa. Daga nan a kankare rarar da ke sama, a narkar da robar, katangun su rage a tsaye da bango mai santsi.

Sakamakon ya yi kyau. An ƙera gilasai uku domin zangon nanomita 405 da 532 da 660, wato shuɗi mai ratsin shunayya, kore da ja, kuma ingancinsu ya kai kashi 86 da 73 da 66 cikin 100 bi da bi. Ɗigon da suka tattara ya kai iyakar ƙanƙantar da ɗabi'ar haske ta yarda, sun yi gogayya da gilashin madubin likita na kasuwa wanda ya ninka su kauri sau dubbai, kuma an ɗauki hotuna da su da girmamawa har sau 170. Mujallar Science ta sa aikin cikin manyan nasarori goma na 2016, jaridu kuma suka fara lissafin ranar da tudun kamara zai ɓace. Abin da yawancin rahotannin suka wuce da sauri shi ne cewa gilasai uku ne, kowanne da launinsa.

Ga lissafin, kuma ba ya buƙatar fiye da ilimin ƙaramar sakandare. Matattarar gilashin tana maikuromita 90 daga tsakiyarsa, bakinsa kuma yana maikuromita 120 daga tsakiya. Hasken da ya bi ta baki zai yi tafiyar maikuromita 150 kafin ya isa matattara, wato ya fi na tsakiya da maikuromita 60, fiye da zango 100 na koren haske. Gilashin gargajiya yana biyan wannan bambanci dukkansa da kaurin tsakiyarsa. Katanga mai tsayin nanomita 600 kuwa, iyakar jinkirin da za ta iya jawowa bai kai maikuromita ɗaya ba. To yaya aka yi gilashin ya yi aiki? Ya yi ne domin ba ya biyan bashin duka, yana biyan ɓurɓushin da ya rage ne bayan an cire cikakkun zagaye. Mai rawar da ya makara da zagaye ɗari na kiɗa, idan ya shigo a daidai bugun, ba wanda zai ga bambancin takunsa da na sauran. Augustin Fresnel ya yi amfani da makamancin wannan tunani na zubar da kaurin da ba a buƙata lokacin da ya yanka gilashi zobe-zobe domin fitilun jagoran jiragen ruwa, na farkonsu aka kunna a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823.

Sai dai dabarar tana tsayawa ne muddin kiɗan bai sauya ba. Da zarar an sauya launi an sauya tsawon zango, kuma maikuromita 60 ɗin nan ba za su ƙara rabuwa zuwa adadin zagayen da aka yi zane a kansa ba. Matattara sai ta gusa. Idan aka haska jan haske a gilashin da aka yi domin kore, nisan matattara yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, alhali a gilashin gargajiya mai kyau bambancin da ke tsakanin shuɗi da ja bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin 100 ba. Farin haske, wanda shi ne duk launuka a haɗe, yana fitowa dishi-dishi da bakan gizo a gefunan kowane abu. Sirantar da aka yi murna da ita, ita ce ta haifi wannan matsala.

Rukunin bai ɓoye wannan ba, kuma ya tunkare shi. A 2018 Wei Ting Chen da abokan aikinsa suka fitar da gilashin da ke tattara haske daga nanomita 470 zuwa 670 a wuri guda, ta hanyar haɗa katangu biyu-biyu masu girma daban-daban domin su sarrafa taku da kuma ainihin lokacin isowa. A shekarar ce kuma rukunin Din Ping Tsai a Taiwan ya nuna makamancinsa da wani sinadarin dabam. An yi nasara, amma da tsada, domin faɗin gilashin Chen mafi ƙarfin tattarawa bai wuce 'yan gomiyoyin maikuromita ba, kusurwar da yake tattaro haske ta ragu matuƙa, ingancinsa kuma ya sauko zuwa kusan kashi 20 cikin 100. A 2020 Federico Presutti da Francesco Monticone na Jami'ar Cornell suka rubuta iyakar a lissafe: faɗin gilashi, ƙarfin tattarawarsa da yawan launukan da zai ɗauka suna cin rabon juna, kuma tsayin ginshiƙan ne ke yanke yawan abin da za a raba. Kamarar waya tana buƙatar gilashi mai faɗin milimitoci, wato ninki ɗari ko fiye na waɗancan, kuma babu wata dabarar zane da za ta sa ginshiƙi mai tsayin ƙasa da maikuromita ɗaya ya riƙe haske na tsawon lokacin da ake buƙata.

A nan ne, a ra'ayina, aka yanke shawara mafi muhimmanci a lamarin, kuma ba a ɗakin bincike aka yanke ta ba. Kamfanin Metalenz, wanda Devlin da Capasso suke cikin waɗanda suka kafa shi a 2016 da lasisin fasahar daga Harvard, bai tsaya jiran a warware matsalar launi ba, ya nemi wurin da haske launi ɗaya ne tun asali. Irin wannan wuri yana nan a jikin waya, kusa da kamara, wato na'urar auna nisa. Tana harba hasken leza na infirared mai zangon nanomita 940, wanda ido ba ya gani, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ta haka kamara ke sanin nisan abin da za ta ɗauka. An fi son wannan zango ne domin tururin ruwan da ke sararin sama yana shanye hasken rana a kewayensa, don haka rana ba ta cika rufe lezar ba. Tunda zangon ɗaya ne, bashin maikuromita 60 bai taso ba.

Akwai dalili na biyu, wanda na fi ba nauyi. A zangon infirared ginshiƙan suna iya zama manya kaɗan, silikon kuma yana barin hasken ya wuce tare da rage masa gudu fiye da sau uku, don haka ba sai an rubuta su ɗaya bayan ɗaya da zaren ilektoron ba, aikin da ke cin sa'o'i a kan ɗan ƙaramin fili. Ana iya buga su da injinan da ke buga ƙwaƙwalwar kwamfuta, gilasai dubbai a kan faifai ɗaya mai faɗin milimita 300. A 2021 aka sanar da haɗin gwiwar Metalenz da kamfanin STMicroelectronics, wanda ke da irin wannan masana'anta a Crolles kusa da Grenoble a Faransa, kuma a watan Yunin 2022 aka fitar da na'urar VL53L8. Tana raba abin da ke gabanta gida 64, takwas sau takwas, tana auna nisan kowane gida har zuwa mita huɗu, da shimfiɗar sarrafa haske a ƙofar fitar lezar da kuma ƙofar dawowarta. A 2025 STMicroelectronics ya ce ya sayar da fiye da miliyan 140 na waɗannan gilasai da na'urori. Ma'anar wannan ita ce masana'anta ɗaya tana iya yin na'urar gani da gilashinta, abin da a da sana'o'i biyu ne a wurare biyu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a matakin da ake ciki shi ne cewa an fara amfani da shimfiɗar wajen aikin da gilashi mai lanƙwasa ba ya iyawa shi kaɗai. Tunda katangun suna jin yadda haske ke kaɗawa, ana iya tsara su su raba haske gida huɗu gwargwadon kaɗawarsa, kowane gida ya ba da hotonsa. Noah Rubin da abokan aikinsa a rukunin sun nuna irin wannan kamara a 2019, ba tare da wani sashe mai motsi ba. Fatar mutum mai rai tana mayar da haske da salon kaɗawa dabam da na takarda ko abin rufe fuska na roba, kuma a kan wannan ne Metalenz ya gina tsarin buɗe waya da fuska da ya sanar a 2023 da sunan Polar ID. Shi ma a infirared yake aiki, da zango ɗaya.

Batun girma kuwa an ci gaba da matsa shi ta wani gefen. A farkon 2024 Joon-Suh Park da abokan aikinsa a Harvard suka ba da rahoton gilashi mai faɗin santimita 10, na zallar gilashi, ɗauke da ginshiƙai biliyan 18.7. Da yake injin bugawa ba ya iya rufe wannan fili a bugu ɗaya, sun raba zanen gida-gida suka riƙa bugawa suna haɗa gefuna. Suka hau rufin wani gini a harabar jami'ar da shi, suka sa matacin launi a gaban na'urar ɗaukar hoto domin zango ɗaya kawai ya shiga, suka ɗauki hoton rana da ɗigoginta, da fuskar wata da ramukansa, da wani gajimaren iskar gas mai haske da ke can cikin taurari.